Gaisuwar da Tsohon Bai Amsa Ba

Tun ina yarinya a Katsina mahaifiyata take cewa ko ruwa aka ba ni sai na leƙa ƙasan kofi kafin in sha. Ba ƙarya ta yi mini ba. Da wannan halin na je Alƙahira, kuma da shi na gano maigidana yana shan giya tun kafin shi kansa ya yarda abin ya fi ƙarfinsa.

Kanumfari ne ya tona shi. Mutumin da ko a shayi ba ya son kanumfari, sai ga shi yana dawowa daga aiki yana taunarsa, yana yi mini magana fuskarsa a juye. Direba ne a gidan wani jami'in jakadanci a unguwar Zamalek, gidan da ba a rabuwa da liyafa, kuma abin da baƙi suka rage a kwalabe ma'aikata ke kwashewa. Da na tsare shi ya ce sanyi ne ya sa ya ɗanɗana. Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya tafi, kanumfari yana nan.

Abin da ya hana ni barci shi ne mahaifina. Giya ce ta kashe ƙanensa, shi ya yi masa wanka da hannunsa, kuma ranar da zan taho ya kira maigidana a gabana ya ce masa talauci ba zai sa ya karɓe 'yarsa ba, ciwo ma haka, amma ranar da ya ji kwalba ta shiga gidana, ranar zan koma ɗakin uwata. Mahaifina ba ya faɗar magana ya janye. Ni kuwa ina son mijina. Ina jin haushinsa har in rasa inda zan sa kaina, amma ina sonsa, kuma ba na son komawa.

Don haka ba wanda zan iya tambaya. A Abbasiyya muke zaune, cikin ɗalibai 'yan gida da matansu da Hausawan Sudan, kuma maganar da aka yi a unguwarmu da hantsi kafin la'asar ta isa Katsina ta waya, an ma ƙara mata gishiri. Cibiyar labarai kuwa shagon wani tsoho ce, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka suka tsaya a hanya. Shi kaɗai ke kawo kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, don haka kowace mace sai ta je wurinsa, kuma dattawa a bencin ƙofarsa suke zama bayan la'asar. Kowa Baba yake ce masa. Ba ya yawan magana, amma ni a ganina mutumin da ke zaune yana jin komai ya fi mai surutu haɗari.

Da cikin maigida ya fara ciwo likita ya ce ko ya daina ko ya shirya wa abin da ya fi haka. Ya daina na ɗan lokaci ya koma. Ya rantse, ya koma. Ran nan na same shi zaune a bakin gado yana kuka, ya ce mini, "Wallahi ina so in bari, ban san yadda ake yi ba ne." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma tsoro ne ya kama ni, ba tausayi ba.

Matar da ke sayar da magani a kan layinmu ce ta fara ba ni labarin taron. Na je karɓar maganinsa, ta duba takardar likita, ta dube ni, ta jira har shagon ya watse. Sannan ta ce akwai wasu mutane da ke haɗuwa duk mako, dukkansu sun taɓa sha, suna taimakon juna su zauna ba sha, ba likita a cikinsu, ba a tambayar mutum daga ina yake. Tana magana ina kallon ɗan gicciyen da aka zana mata a wuyan hannu, irin na Kiristocin Masar. Na ce a raina, to, ga inda aka nufa, coci ake so a ja shi. Na yi mata godiya na fito, na kuma daina sayen magani a wurinta na wani lokaci.

Amma maganar ta zauna mini. Na shiga bincike a waya, da ɗan Larabcina na kasuwa da ɗan Turancin sakandare, ina gogewa duk lokacin da na gama don kada wata ta ari wayata ta gani. Wurare ne kaɗan. Na ce ba zan tura mijina inda ban gani da idona ba, don haka ni na fara zagayawa. Na farko a Zamalek yake, layi biyu da gidan da yake aiki, na soke shi tun daga bakin titi. Na biyu na sha wahalar jirgin metro da ƙaramar motar haya, mikrobas, na isa, mai gadin benen, wanda suke kira bawwab, ya ce sun tashi tun bara, bai san inda suka koma ba, ya kuma bi ni da wani kallo da ban so ba. Na uku a Muhandisin, ranar Talata bayan la'asar. Da na isa na ga ɗakin a bayan harabar wata coci yake, ta wata ƙaramar ƙofa a lungu, sai na tsaya a tsallaken titi ina salati. Na ce zargin da na yi wa mai maganin nan dai ya tabbata.

Na dawo na kwana biyu ina saƙawa ina kwancewa. A ƙarshe na gaya masa, amma da sharuɗɗa. Kada ya ci komai a wurin, kada ya sha komai, kada ya karɓi littafi, kada ya sa hannu a wata takarda, in aka fara waƙa ya tashi ya fito. Na dafa masa shayi na zuba a fulas na ce nasa ke nan. Ya karɓa ya tafi kamar wanda za a yi wa allura.

Da ya dawo na shinshina rigarsa. Warin sigari da kofi. Na laluba aljihunsa, ba gicciye, ba takarda.

"Me suka ce maka?"

"Ba su ce mini komai ba. Kowa nasa ya faɗa."

"Su wane ne?"

"Mutane."

"Maigida, na san ba awaki ba ne. Musulmi ko Kirista?"

"Akwai wanda ya tashi ya yi sallar magariba a kusurwa, na bi shi. Ɗakin kawai aka ba su aro. Ke dai khalas, ya isa haka, abin da aka faɗa a can, a can ake barinsa. Wanda ka gani a can kuma ba ka gan shi ba."

Wannan ƙa'ida ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Da, ƙarya yake yi mini, ƙarya kuwa na san yadda zan kama ta. Yanzu shiru yake yi mini, kuma da izinin wasu mutane da ban sani ba. Gaskiya ne kanumfari ya ɓace daga gidan, ya fara cin tuwo da kyau, yana dawowa da wuri. Amma ni ban saki jiki ba. Wata rana da yamma ya shigo fuskarsa a murtuke, bai ko zauna ba ya wuce baranda ya ja ƙofa ya kira wani a waya. Na kasa kunne. Da Hausa yake magana, ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Yau kam na kusa. Har na riƙe ta a hannu." Da Hausa! Wace ce ya riƙe a hannu, kuma wa yake ba labari? Na san kwalba yake nufi, amma zuciyata ta ƙi tsayawa a nan, ta shiga jero mini matan unguwa ɗaya bayan ɗaya.

Talatar da ta biyo baya na bi shi. Na bar shi ya shiga mikrobas, na shiga na bayansa. Na sami wani dakali a tsallaken lungun, kusa da mai sayar da gasasshen dankali, na ja mayafi na zauna. Na ga masu shiga: wani mai kwat da jakar ofis, wani saurayi da kayan leburanci, wata mata mai ɗankwali, wani Bature dogo. Ba Bahaushiya ko ɗaya. Har na fara jin kunyar kaina. Da aka tashi suka fara fitowa ɗai-ɗai, kowa ya kama gabansa ba sallama, sai ga Baba mai shagon kuka ya fito ta wannan ƙaramar ƙofar, da farar jallabiyarsa da sandarsa.

Na ƙara jan mayafi. Ya tsallako titi ya nufo daidai inda nake, ba hanyar ɓuya. Jikina ne ya yi abin da aka koya masa tun ina ƙarama, na miƙe na rusuna na ce, "Baba, ina wuni?"

Ya dube ni. Na tabbata ya gan ni, don idonmu ya haɗu. Sai ya ɗauke kai ya wuce, sandarsa na ƙwanƙwasa ƙasa, kamar da bango na yi magana.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da wannan ke nufi. Dattijo ba ya ƙin amsa gaisuwa sai ya yanke hulɗa da kai. Ko wanda kuka yi faɗa da shi jiya, in ka gaishe shi zai ce lafiya, ko da a daƙile. Kafin in isa gida na riga na gama lissafi: tsohon ya ji ƙishin-ƙishin, ya biyo maigidana ya tabbatar, ya gan shi a cikin mashaya a bayan coci, yanzu ga ni ya gani. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa mutum mai wannan furfura, wanda ake ba shi addu'a a wurin suna, zai iya samun dalilinsa na shiga ɗakin.

Na faɗa wa maigida na bi shi. Na ɗauka zai yi faɗa, sai ya yi dariya kawai. Na ce, "Dariya kake yi? Baba ya gan ka!"

"Wane Baba?"

"Mai shago!"

"Ni ban ga kowa ba."

"A ƙofa ɗaya kuka fito!"

"Ban ga kowa ba," ya sake cewa, ya ɗauki buta.

Na zauna jiran guguwa. Duk wayar da ta shigo daga gida sai in ce magana ta isa can. In mata suka yi shiru da na shigo wuri sai in ce an fara. Maƙwabciyata ta tambaye ni ya jikin maigida, na kwana ina juya yadda ta ja kalmar jiki. Da kuka ta ƙare mini na yi kwanaki muna cin miyar Misirawa don kada in je shagon, har maigida ya ce shi fa ya gaji da molokiyya.

Da na je, shagon cike da mata. Baba ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe. "A'a, ya bitti, 'yata! Kef? Ina gajiya? Ya maigidan? Ya mutan Katsina, ana jin su? Kwana biyu kin ɓuya." Gaisuwa har da ta kakanni. Wannan ya ƙara rikita ni. Na yi ta jujjuya ƙullin daddawa har matan suka watse, sannan na matsa na ce, "Baba, ranar Talata kamar na gan ka a Muhandisin."

"Ni?" Ya ci gaba da auna kuka. "Allah ya yi mutane masu kama da yawa, ya bitti. In haɗa da kuɓewa?"

Na fito na ce wannan tsohon ya fi yadda nake zato. Na yi masa fassara iri-iri. Na ce ko 'yan cocin ne suka saye shi yana kai musu mutane. Na ce ko jami'an tsaro yake yi wa aiki, yana tattara sunayen baƙi. Wadda ta fi zauna mini ita ce ajiye maganar yake yi, sai ranar da za ta fi ciwo. Kuma ranar ta zo da ƙafarta, don bayan 'yan watanni aka kira daga gida aka ce mahaifina zai zo Alƙahira a duba masa ido, a gidanmu zai sauka.

Na roƙi maigida ya daina zuwa taron har mahaifina ya koma. Ya ce a'a. Na yi kuka, na yi fushi, na ce to ya zaɓa. Ya ce, "In na daina zuwa don kada ya sani, zan koma abin da ba kya so ya sani ɗin." Na bar maganar, amma ban huce ba.

Mahaifina ya zo, aka yi masa aiki a ido ɗaya, aka rufe da auduga. Mutum ne da ba ya iya zaman ɗaki, kwana kaɗan ya gano bencin dattawa, kuma da idonsa ɗaya ya fi mai ido biyu lura. Ni ke raka shi saboda motocin titi, in zauna daga ciki wajen buhuna in yi kamar ina zaɓen kaya. Shi da mai shagon suka shaƙu nan da nan, suna hirar garuruwan da kakannin tsohon suka baro. Duk dariyar da suka yi sai in ji kamar a kaina ake yi.

Ranar wata Talata maigida ya dawo daga aiki da wuri, ya biyo ta shagon ya durƙusa ya gaida su, ya ce zai je wani wuri ya dawo. Mahaifina ya bar shi ya miƙe, sannan ya ce, "Dakata. Wancan makon ma ranar Talata ka fita bayan la'asar, ba ka dawo ba sai bayan magariba. Na tambayi matarka ta ce aiki, ga shi yau ka taso daga aikin. Ina kake zuwa?"

Dattawa huɗu ko biyar ne a wurin, kowa ya juyo. Maigida ya dubi wajen da nake. Na san ba zai yi ƙarya ba, don tun da ya fara zuwa wurin nan ya bar ta, kuma a lokacin na yi fatan da bai bari ba. Na dubi mai shagon, na ce a raina, to ga ranarka, faɗi.

Tsohon ya jawo sandarsa ya dogara ya miƙe a hankali. Ya ce, "Ya Hajj, ma'alish, yi haƙuri, laifina ne. Ni yake rakawa. Ina da wani ciwo tsoho da nake zuwa nema wa magani a Muhandisin duk Talata, shekaru da yawa yanzu. Ƙafa ta fara ƙi, hawa mota sai da mai riƙewa. Yaronka ne ke riƙe ni." Ya juya ga maigida. "Yalla, ya waladi, mu je ɗana, kada mu makara."

Wani daga cikin dattawan ya ce, "Ciwon me, Baba? Ba mu taɓa ji ba."

"Irin wanda ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi," in ji tsohon. Ya miƙa wa maigidana hannu.

Mahaifina ya yi ta sa albarka. Ya ce ya san bai yi zaɓen banza ba. Ni kuwa ina tsaye a tsakanin buhun kuka da na gero, ina kallon bayansu suna tafiya, tsohon ya rataya a kafaɗar mijina. Sai a lokacin na gane da wa ake magana da Hausa a baranda. Na kuma gane ranar da ya ƙi amsa gaisuwata ba yanke ni ya yi ba. A bakin wannan ƙofar bai san ni ba, ni ma ban san shi ba, haka ƙa'idarsu take, kuma da ita ya rufa mana asiri, ya rufa wa kansa. Yau kuma a gaban abokan zamansa ya ɗan buɗe nasa don namu ya zauna a rufe. Kunya ta kama ni, na zauna a kan buhu na yi kuka ba sauti.

Mahaifina ya koma Katsina da idonsa garau bai san komai ba, har ya rasu bai sani ba. Daga ranar kuwa da gaske maigida ke biyawa ya ɗauki tsohon duk Talata. Ban taɓa yi wa tsohon godiya ba, don ba hanyar yi. In na je shago sai mu gaisa har da ta kakanni, ya auna mini kuka, in tafi. Sau ɗaya na dafa masa dambu na kai, ya tambaye ni na mene ne, na ce na Allah ne. Ya ce, "Tamam, shi ke nan," ya karɓa.

Halina dai bai canza duka ba. Har yau in maigida ya shigo nakan ɗan matsa kusa in ja numfashi, ya sani, yakan tsaya ya bar ni in gama.

Tsohon ya rasu a wani lokacin zafi, bayan gajeriyar jinya. Ba shi da kowa a Alƙahira sai mu 'yan unguwa, don haka a ƙofar shagon aka jera kujeru aka yi zaman makoki, mu mata muna daga ciki muna dafa shayi. Rana ta biyu da yamma sai ga wasu baƙi sun zo, ba tare ba, ɗai-ɗai. Mai kwat da jakar ofis. Leburan nan, ya ƙara jiki. Matar nan mai ɗankwali, ta tsaya daga nesa. Har da dogon Baturen, ya zauna a ƙarshen layi ya haɗa hannuwa a cinya. Ba wanda ya gaida wani a cikinsu. Maigidana yana zuba musu shayi kamar yadda yake zuba wa kowa, bai ɗaga ido ba.

Matan da ke tare da ni suka taru a bakin taga. Aka fara: su wane ne waɗannan, me ya haɗa Baba da Bature, ko bashi suke binsa, ko dai akwai abin da ba mu sani ba. Maƙwabciyata, wadda ta san ba abin da ke wuce ni a unguwar, ta taɓo ni da gwiwar hannu.

"Ke da ba a ɓoye miki komai, kin san su?"

Na leƙa ta tagar na dube su ɗaya bayan ɗaya. Matar mai ɗankwali ta ɗago, idonmu ya haɗu, ta kawar da kai, ni ma na kawar.

"Ban taɓa ganinsu ba," na ce. "Miƙo mini sukari."